KU KAI IYAYENKU MASU CIWON SUKARI A YI MASU RIGAKAFIN MURA

Wannan jawabi ne da wani ɗan uwa ma'aikacin lafiya ya gabatar wa matasa. Mun rubuto maku shi kamar yadda ya fito daga bakinsa. A sha karatu lafiya.



'Yan uwa, abin da aka ce in yi magana a kai shi ne allurar rigakafin mura ga manya da tsofaffi masu ciwon sukari. Na san wani zai ce a ransa, mu samari ina ruwanmu da ciwon sukari? To da ruwanku. Da yawanku in kun duba gida za ku ga baba, ko inna, ko kawu, ko kaka da likita ya hana shan sukari. Kuma kai ake aika kemis, kai ke goya su a babur zuwa asibiti, kai ke karanta masu takardar magani. Saboda haka maganar taku ce.

Da farko mu rarrabe abu biyu da Bahaushe ya haɗa ya kira mura. Akwai wacce muka saba da ita, hanci na zuba, ana atishawa, mutum na harkarsa har ta wuce. Akwai kuma wacce likitoci ke kira infuluwanza. Ita wannan rana ɗaya take kada mutum. Zazzaɓi mai zafi, ciwon kai, ciwon gaɓoɓi, busasshen tari, kasala. Har a kan ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne. Ita ce a 1918 ta zagaye duniya ta kashe mutum wajen miliyan 50, a Nijeriya kaɗai an ƙiyasta wajen 500,000. Kakanninmu marisuwa suka kira ta. Yanzu ma, bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, duk shekara mutum miliyan 3 zuwa 5 ne take kwantarwa rai a hannun Allah, tsakanin 290,000 zuwa 650,000 kuma su mutu. A kan wannan muke magana.

To me ya sa ta fi yi wa mai ciwon sukari illa? Ta hanya uku ne.

Na ɗaya, in sukari ya daɗe yana sama a jini, fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne dakarun jiki, sai su yi sanyi. Cutar da saurayi zai kakkaɓe cikin mako guda, shi dattijon sai ta gangara masa ƙirji ta zama ciwon huhu.

Na biyu, zazzaɓin kansa yana birkita sukari. Duk lokacin da jiki ya shiga yaƙi da cuta yakan saki wasu sinadarai da ke ɗaga sukari, ko mutum bai ci komai ba. A ɗaya ɓangaren kuma, maras lafiya ya kasa cin abinci amma ya ci gaba da shan wasu magungunan sukarin, sai sukarin ya faɗi warwas. Ko wanne daga ciki yana iya sa mutum ya suma.

Na uku, zuciya. Mai ciwon sukari dama jijiyoyin jininsa sun jigata. A 2018 masu bincike a Ontariyo ta ƙasar Kanada sun gano cewa a makon farko na kamuwa da wannan mura, haɗarin bugun zuciya yana ninkawa kusan sau 6. Ka ga an tarar da gini ya tsage, ga kuma ruwan sama.

Yanzu mu zo kan allurar. Abin da ke cikinta ƙwayar cutar ce da aka kashe, ko wani ɓangare nata. Ana nuna wa jiki kamannin abokin gaba ne don ya shirya kafin ya iso. Saboda haka allurar ba ta sa wa mutum murar. Abin da kan biyo baya shi ne ɗan tsamin dantse, ko ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu. Kuma jiki na bukatar wajen mako 2 kafin kariyar ta kankama, wato ba ranar da cuta ta shigo gida ake nemanta ba.

Duk shekara ake sakewa. Dalili? Wannan ƙwayar cuta tana sauya kama, kuma ƙarfin kariyar yana raguwa. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya take zama sau biyu a shekara, a Fabrairu da Satumba, ta fitar da nau'o'in da za a haɗa sabuwar allura da su. A ƙasashen sanyi cutar tana da lokacinta. A ƙasashe masu zafi irin namu tana iya zagayawa kowane wata.

Kada kuma a ɗora mata abin da ba ta iyawa. A shekarar da allurar ta dace da nau'in da ke yawo, tana rage kamuwa da kashi 40 zuwa 60 cikin 100. Ba ta hana murar da muka saba da ita, don ƙwayoyinsu daban ne. Amma wanda aka yi wa, ko ya kamu, galibi ta fi zo masa da sauƙi. A 2016 masu bincike a Landan sun fitar da sakamakon bin diddigin masu ciwon sukari fiye da 124,000 a Ingila har shekara 7. Waɗanda aka yi wa allurar, kwanciyarsu asibiti saboda shanyewar ɓarin jiki ta ragu da kashi 30, saboda gazawar zuciya da kashi 22, mutuwa kuma da kashi 24. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, 'yan uwa.

Na san akwai masu ɗari-ɗari da duk wani abu mai suna rigakafi. Abin da ya faru a Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau, da wani kamfanin Amurka ya gwada sabon magani a kan yara, ya bar tabo, kuma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma a lura, wancan magani ne da ake kan gwajinsa. Ita wannan allura tun 1945 ake amfani da ita, kuma ƙasashen da ke yin ta, nasu tsofaffin suke fara yi wa duk shekara. Hukumar lafiya ta Saudiyya ma tana shawartar maniyyata su yi ta, musamman tsofaffi da masu ciwo irin wannan. Duk wanda mahaifinsa zai sauke farali, ya tuna cunkoson da za a shiga da tarin da alhazai ke dawowa da shi. A yi masa ita aƙalla mako 2 kafin tashi.

A ina ake samu? A Nijeriya ba ta cikin jerin alluran da gwamnati ke yi kyauta, an fi samunta a asibitoci masu zaman kansu a manyan garuruwa. Ranar da za ka raka baba ganin likitan sukari, ka buɗe baki ka tambaya. Ka tambayi ta rigakafin ciwon huhu ma, don ita ma ana son mai sukari ya yi. Ka tabbatar ta wannan shekarar ce, kuma daga firji aka ɗauko ta, don zafi na lalata ta. In an taɓa yi masa wata allura jikinsa ya ƙi ta ƙwarai, a gaya wa likita tukuna.

In kuma murar ta riga ta kama shi, ga abin yi. Kada ya daina allurar insulin don ya kasa cin abinci, a tambayi likita yadda za a daidaita. A gwada sukari duk bayan awa 3 zuwa 4. Ya yawaita shan ruwa. A kai shi asibiti da wuri, don akwai maganin da ke rage kaifin cutar, amma ya fi aiki in an fara cikin awa 48. Kafson da muke saye a kemis ba ya kashe wannan ƙwayar, kuma da yawan magungunan tari na ruwa sukari ne a ciki. In sukari ya sauka ƙasa da 70 kuma yana cikin hayyacinsa, a ba shi abu mai zaƙi nan take. In ya wuce 250 har gwaji biyu, wato wajen 14 a na'urar da ke ƙirga da ƙananan lambobi, ko numfashi na yi masa wuya, ko ƙirji na ciwo, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ya fara sambatu, to ko tsakar dare ne a nemi mota.

Daga ƙarshe, ku kanku. Ku ne ke shiga kasuwa da makaranta da taro, ku ne kuma ke kwaso ta ku kai gida. In kana tari, ka rufe baki, ka wanke hannu, ka gaida tsoho daga ɗan nesa har ka warke. In da hali kai ma a yi maka allurar. In kuɗinta ya yi wa mutum ɗaya nauyi, 'ya'yan gida su haɗa. Neman magani bai saɓa wa tawakkali ba, kuma kula da lafiyar iyaye yana cikin haƙƙinsu da ke wuyanmu. Duk wanda ke da mai ciwon sukari a gida, a cikin makon nan ya binciko ranar da zai koma asibiti, ya raka shi, ya yi wannan tambayar.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ja kwanan iyayenmu.