Dala 5 Ko Dala 35?

Jama'a, ku ji yadda talakan Amurka ke fama da bankinsa. In ya kashe fiye da ajiyarsa, ko da kuɗin gahawa ne, sai a yanka masa tara, har wajen dala 35. A Disamba 2024 hukumar kare masu hulɗa da bankuna, CFPB, ta ce manyan bankuna su tsaya kan dala 5. Bankuna suka ce ai asirin mutane suke rufawa. Muna tambaya, wane rufin asiri ne a ranta maka 3 a karɓi 38? A 2025 Majalisar Dattawa ta soke dokar, ƙuri'a 52 da 48, ta Wakilai ta bi sawu, Shugaba Trump ya sa hannu cikin Mayu, tun dokar ba ta kama aiki ba.