Malamin Wasanni Da Ƙarancin Kuɗi: Jawabi Ga Hakimai Da Magatakarda

Wannan jawabi an shirya shi ne domin hakimai da magatakardansu, musamman na ƙasar Zazzau, an kuma ɗauki Rafin Guza ta cikin Kaduna ta zama abin misali. Maganar da ke cikinsa guda ce, watau abin da ya kamata a yi da malamin wasanni sa'ad da kuɗin makaranta ya gaza. Ko da ya ke batun wasa a ke yi, al'amarin yana da nauyi, gama ya shafi abincin wani magidanci, ya kuma shafi wurin da yara masu yawa za su riƙa zuwa tsakanin la'asar da magariba.

Inda Wahalar Ta Fito

Ran 29 ga watan Mayu 2023 aka janye tallafin mai. Daga nan kaya suka yi ta tsada, har a cikin 2024 hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin ɗari. A watan Yuli na shekarar kuma aka sa hannu bisa dokar da ta mai da mafi ƙanƙantar albashi Naira 70,000 a wata. Ma'aikaci ya ɗan sami sauƙi, amma mai biyan albashi nauyi ya ƙaru masa. Wannan nauyi ya faɗa wa makarantun gwamnati, ya fi faɗa wa na masu zaman kansu da waɗanda jama'a suka gina da ƙarfinsu.

To, in hedimasta ya zauna da kwamitinsa za su rage kashe kuɗi, ba su iya taɓa malamin lissafi ko na Turanci, tun da ya ke su iyaye ke tambaya. Alli da rufin aji kuwa dole ne. Sai ido ya koma kan malamin wasanni, wanda matasa ke kira koci. Sau da yawa ma ba ma'aikacin dindindin ba ne, ɗan alawus a ke ba shi daga asusun ƙungiyar iyaye da malamai. Sallamarsa ba ta bukatar doguwar takarda, shi ya sa da shi a kan fara.

Rafin Guza unguwa ce a arewacin Kaduna, daura da Kawo, kusa da kogin Kaduna. Akwai ma'aikata a cikinta, da 'yan kasuwa, da masu lambu a bakin ruwa. Gidaje sai ƙaruwa su ke yi, filaye suna raguwa, yara kuwa ga su nan tuli. Yaron da ya tashi daga makaranta bai sami filin wasa da babba a tsaye ba, lalle zai nemi wani wurin. Ko dai ya nufi kogi, wanda haɗarinsa da damina ba ɓoyayye ba ne, ko kuwa ya nufi dabar da a ke koyon shaye-shaye. Ƙarar duk abin da ya biyo baya kuwa, a zauren mai unguwa da na hakimi ta kan ƙare.

Kaya Da Mutum

Kuɗin wasanni na makaranta kashi uku ne: na kaya, watau ƙwallo da riguna da raga, na tafiya zuwa gasa, da na mutumin da ke koyarwa. Biyu na fari in an dakatar da su bana, a kan mayar da su baɗi in hali ya samu, ba abin da ya ɓace. Na ukun ba haka ya ke ba. Malamin da ya shekara biyar ko goma a wuri guda ya san yaran da sunansu da na iyayensu. Ya san mai zafin zuciya, ya san wanda ke zuwa fili ba ya karya kumallo, ya san wanda tsoron a cire shi daga cikin 'yan wasa ne kaɗai ke zaunar da shi a aji. Ran da aka sallame shi, da wannan sani duka zai tafi. In an ɗauko sabo daga baya, sai ya sake faro gini daga tushe, yaran da aka yi asara a tsakani kuwa ba a mayar da su.

Tarihin Arewa ya nuna abin da malami guda ke iya bari. A cikin shekarun 1920 wani malami Bature, Mista Hogben, ya koya wa 'yan makaranta a Katsina da Birnin Kebbi wasan fayis, wanda a ke buga ƙwallo da tafin hannu a jikin bango. Abin da wasan ke bukata kaɗan ne: bango da ƙwallo da mai nuna ƙa'ida. Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina daga 1926 zuwa 1931, ya ƙware a wasan, bai kuwa bar shi ba har ya zama Firimiyan Jihar Arewa. Kwalejin ta tashi daga Katsina ta dawo Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, ita ce Kwalejin Barewa ta yau. Bangon farko an bar shi a baya, amma wasan ya bi mutanen da suka iya shi, har yanzu ana yinsa a biranen Arewa, ana kuma gasar kofin Sardauna.

Kaduna kanta shaida ce. Ran 3 ga watan Agusta 1996, a Amurka, Nijeriya ta ci Ajantina uku da biyu, ta ɗauki lambar zinariya ta ƙwallon ƙafa a wasannin Olamfik na Atlanta. A cikin 'yan wasan akwai Daniel Amokachi, da Tijjani Babangida, da Garba Lawal, da Celestine Babayaro, dukansu haifaffun Kaduna, biyu daga cikin ƙwallayen ukun kuwa Babayaro da Amokachi ne suka jefa. Rashidi Yekini, wanda ya ci wa Nijeriya ƙwallonta na farko a gasar kofin duniya a 1994, shi ma a Kaduna aka haife shi, ya kuwa fara da ƙungiyar masaƙar UNTL. Filin wasa na Ahmadu Bello ya karɓi gasar matasa ta duniya a 1999 da 2009, garin kuma ya karɓi bikin wasanni na ƙasa a 1977 da 2009. Amma babban fili ba ya koya wa yaro tsayar da ƙwallo. Wannan a ƙananan filaye a ke koyonsa, a hannun mutanen da jarida ba ta san sunansu ba.

Wani Misali Daga Amurka

Wannan wahala ba ta ƙasar Hausa kaɗai ba ce. Amurkawa suna da wani wasa, besbol, wanda a ke jefa ƙwallo, wani ya make shi da kulki ya zagaya fili a guje. A watan Satumba 2010 Jami'ar Kalifoniya da ke garin Berkeley ta ba da sanarwa za ta soke ƙungiyarta ta besbol, tare da waɗansu wasanni, domin ta rage kashe wajen dala miliyan 4 a shekara. Aka bar ƙungiyar ta yi kakar wasa guda ta ban kwana. Malaminsu, David Esquer, wanda ke riƙe da su tun 2000, bai tafi ba, yawancin yaran ma suka tsaya. Tsofaffin ɗalibai da iyaye suka tashi neman gudummawa, har suka tara alkawarin wajen dala miliyan 9. A watan Afrilu 2011 jami'a ta janye hukuncinta. A watan Yuni na shekarar ƙungiyar ta shiga cikin takwas ɗin da suka kai gasar ƙarshe ta jami'o'in Amurka a garin Omaha, abin da rabonta da shi tun 1992.

Ba wanda zai ce Rafin Guza tana da attajirai irin na Kalifoniya. Abin dubawa a labarin uku ne. Da fari, an faɗi hukunci tun da sauran lokaci, ba a wayi gari aka ga an rufe ƙofa ba. Na biyu, an bayyana yawan kuɗin da a ke bukata, saboda haka masu taimako suka san inda suka dosa. Na uku, malamin ya zauna, shi ya sa da kuɗin ya samu akwai ƙungiyar da za a ceta. Waɗannan uku ba su bukatar dala.

Hujjar Masu Son A Sallame Shi

Lalle ne a yi wa masu ɗaya ra'ayin adalci. Sun ce karatu aka kawo yara yi, makarantar da rufinta ke yoyo kuwa ba ta da bakin maganar ƙwallo. Gaskiya ne, ba kuwa wanda ya ce a hana malamin lissafi albashinsa domin a biya na fili. Sun kuma ce akwai malaman wasanni waɗanda aikinsu bai wuce su jefa wa yara ƙwallo su koma inuwa ba. Wannan ma gaskiya ne, irin wannan malami kuwa sallamarsa ba asara ba ce. Abin da a ke roƙo shi ne kada a yanke hukunci sai an auna, kada kuma a fara da mutum alhali akwai kayan da za a iya ragewa.

Ga yadda a ke ragewa. A dakatar da sayen sababbin riguna. A bar zuwa gasa mai nisa, a shirya ta da makarantun da yara za su iya zuwa a ƙafa, kamar na Kawo da sauran maƙwabta. A ƙarfafa wasannin da ba su cin kuɗi, irin su tsere da tsalle da langa da kokawa. Makarantu biyu ko uku da ke kusa da juna su haɗa malami guda, ko wace ta ɗauki rabonta na alawus. In malamin yana da takardar koyarwa, a haɗa masa da darasin kiwon lafiya a aji. Sai an bi waɗannan duka an ga ba mafita, sa'an nan a yi maganar sallama.

Aikin Hakimi Da Na Magatakarda

Tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976 aka soke En'e, baitulmali ya fita daga hannun sarakuna. Hakimi ba ya biyan albashin malami, ba ya kuma ɗauka ko sallama. Amma yana da abin da ofis ba shi da shi, watau in ya kira taro a kan zo. Saboda haka ya kamata hakimi ya umurci dagatai da masu unguwa su sanar da shi tun da wuri in wata makaranta na shirin sallamar malamin wasanninta, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Ya tara hedimasta da kwamitin makaranta da iyaye da tsofaffin ɗalibai da 'yan kasuwan unguwa, a faɗi kuɗin da a ke nema a gaban kowa. In makarantar gwamnati ce, ya rubuta wa sakataren ilmi na ƙaramar hukuma. Daɗin daɗawa, ya sa ido bisa filin kansa, domin filin da yara suka daina shiga bai kan daɗe ba wani ya kafa masa tubali.

Magatakarda kuwa aikinsa lissafi ne, don kada taro ya zama na surutu. Ya rubuta yawan yaran da ke zuwa fili, maza da mata, da kwanakin da malamin ke fitowa a mako. Ya raba alawus ɗin malamin na wata bisa yawan yaran, a ga abin da ya faɗa kan ko wane yaro, sa'an nan a gwada shi da sauran abubuwan da makaranta ke kashe wa kuɗi. In an tara gudummawa, ya buɗe littafi, ya ba ko wane mai bayarwa rasit, ya karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a ƙarshen ko wane zango. Gudummawar da ba a karanta lissafinta, sau ɗaya a ke samunta. Ya kuma lura kada a jingina da aljihun mutum guda, ko da attajiri ne. Masaƙun Kaduna sun riƙe ƙungiyoyin wasa a zamaninsu, da suka durƙushe ƙungiyoyin ba su tsira ba.

Shi ma malamin da aka tsaya wa akwai abin da ke wuyansa. Ya riƙe rajistar yara, ya fito kan lokaci, ya sallame su kafin kiran sallar magariba. Ya hana wasa ga yaron da ke gudun aji, ya ware lokaci domin 'yan mata bisa yadda iyaye za su yarda, ya kuma riƙa koya wa manyan yara yadda a ke koyarwa, don a sami magaji. A rubuta waɗannan sharuɗɗa, ya sa hannu, a duba su shekara shekara.

Ana fata hakimai za su kai wannan magana ga dagatai da masu unguwanninsu, magatakarda kuma su fara tattara lissafin makarantun gundumarsu tun kafin zango mai zuwa. Allah Ya ja zamanin sarakuna, Ya shirya mana zuriya, amin.