Farfaɗiya Da Ƙari A Cikin Kai

Jama'a, yau za mu yi magana a kan farfaɗiya. Dukanmu mun taɓa ganin mutum ya faɗi yana shure-shure, kumfa na fita daga bakinsa, mutane kuwa sun watse. Gudun nan ba shi da dalili. Ba a ɗaukar farfaɗiya ta miyau, ko ta taɓa jiki, ko ta cin abinci a ƙwarya ɗaya. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu shi sun kai miliyan 50, kuma kusan 7 cikin 10 za su daina faɗuwa in sun sami magani daidai.

Abubuwa da yawa ke kawo ta. Ɗaya daga ciki shi ne ƙari, watau wani tsiro da ke fitowa cikin kai, yana danne ƙwaƙwalwa. Yawancin masu farfaɗiya ba su da shi, kuma ba kowane ƙari ne ciwon daji ba. Amma in magidanci da bai taɓa faɗuwa ba ya fara da girmansa, ga ciwon kai da asuba har da amai, ko gani ya ragu, ko hannu ɗaya ya yi sanyi, to, kada mu tsaya turare muna cewa iskoki ne. Mu kai shi asibiti. Likita zai sa a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. In an ga ƙarin, akwai likitocin da ke fiɗa a manyan asibitocin koyarwa, kamar na Kano da Zariya da Sakkwato. Wani a kan cire masa, wani a gasa wurin da na'ura.

Ko an yi aikin, kada a bar shan ƙwaya sai likita ya ce. Nan ne muka fi kuskure. Mutum ya ga wata 2 bai faɗi ba, sai ya ajiye magani, ciwon kuwa ya dawo da ƙarfi. Ya riƙa samun isasshen barci. Kada ya hau itace ko babur, kada ya je rijiya ko rafi shi kaɗai. Mace kuwa a sa mata ido wajen murhu.

In ta tashi a gabanmu, mu janye shi daga wuta, mu sa tsumma ƙarƙashin kansa, mu kwantar da shi a gefe ɗaya. Kada a danne shi, kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa. In shure-shuren ya wuce minti 5, a nemi mota nan da nan.