Jawabin Shugaban Taro a Bikin Buɗe Sabon Rumbun Magunguna na Jiha

 

Mai girma Gwamna, Mai martaba Sarki, Allah ya ƙara maka nasara, malamanmu, likitoci, masu harhaɗa magunguna, ungozomomi, da sauran jama'a, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan haka, duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwansa a asibitin gwamnati ya san sa'ar nan da likita zai gama dubawa, ya rubuta magani, a ɗauki takarda a je taga, mai ba da magani ya duba ya ce babu, sai mutum ya fita bakin titi yana bin kemis-kemis, alhali mara lafiya na kwance yana jira. Abin da ya fi ciwo shi ne, sau da yawa maganin nan yana nan jibge cikin kwali a babban sito har wa'adinsa ya wuce, saboda takardar neman kaya ta kwana a kan teburi, ko motar rabo ba ta da mai, ko kuwa ba wanda ya san adadin abin da ke ciki. Domin kawar da wannan musiba aka gina rumbun da muka taru mu buɗe yau.

Wannan tunani ya daɗe. A shekarar 1987 ministocin lafiya na ƙasashen Afirka suka haɗu a Bamako, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF, suka yi ittifaƙi a kan a zuba jari a sayi magani, a sayar wa talaka da rahusa, kuɗin da ya dawo a sake sayen wani da shi. Hikima ce babba, amma a wurare da dama asusun ya mutu, ba don komai ba sai don an riƙa sa hannu a cikinsa ana biyan wasu bukatu da sunan aro, kamar manomin da ya cinye irinsa da rani, damina ta faɗi ya rasa abin shukawa. Saboda haka, mai girma Gwamna, ranka ya daɗe, roƙona na farko shi ne a killace kuɗin wannan rumbu da doka, kada wani ofishi ya taɓa shi ko da wane uzuri, kuma asibitin da ya karɓi kaya ya biya a kan lokaci.

Game da saye kuwa, Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 ta riga ta shimfiɗa ƙa'ida, wato a yi shela, masu kaya su kawo farashi, a buɗe a bainar jama'a. Idan jiha ta haɗa bukatun asibitocinta ta saya gaba ɗaya daga hannun masu sarrafawa, farashi zai sauko, dillalai su ragu, kuma a san asalin kowane kwali. Ba mu manta da shekarar 2008 ba, lokacin da wani gurɓataccen maganin haƙoran jarirai ya hallaka yara fiye da 80 a ƙasar nan. Kada kwali ya shiga ƙofar nan sai da lambar NAFDAC, kada kuma a ba da kwangilar magani don sanayya.

Sai dai fa saye rabin aiki ne, domin magani ba ya amfani sai ya isa hannun mai bukata da ƙarfinsa. Ku dubi allurar oksitosin, wadda ungozoma ke yi wa mace da zarar ta haihu don mahaifa ta tsuke, jini ya tsaya. 'Yar kwalba ce da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, ana son ta zauna cikin sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8. Idan aka bar ta a bayan mota cikin zafin bazara, ko cikin firjin da ya kwana biyu ba wuta, tana iya rasa ƙarfinta ba tare da kamanninta sun sauya ba, ungozoma ta yi allurar da kyakkyawar niyya, jini ya ci gaba da zuba, a rasa uwa, a ce kwana ne ya ƙare. Haƙiƙa ajali na hannun Allah, amma shari'a ba ta ɗauke wa mai sakaci alhaki ba. Jihar Kaduna ta fara aika magani da jirage marasa matuƙa a 2022, abin yabo ne. Mu dai mu fara tabbatar da mota mai sanyi, da firji mai aiki da hasken rana, da ranar rabo wadda ba ta tashi, har zuwa ƙaramin asibitin ƙauye mafi nisa.

Ku kuma ma'aikatan rumbu, an ba ku kwamfuta wadda za ta nuna abin da ya shigo da abin da ya fita, da wanda wa'adinsa ya kusa domin a fara fitar da shi. Ku sani ba ta faɗin komai face abin da kuka shigar mata. Dukiyar baitulmali ce a hannunku, marayu da miskinai suna da hakki a cikinta, kuma za a tambaye ku a kanta gobe kiyama. Ku rubuta gaskiya ko da za ta nuna gibi, ku kai rahoto tun kaya bai ƙare ba. Ina kuma roƙon hakimai da dagatai su sa ido, duk asibitin da aka ce babu magani su sanar da hukuma nan take.

Allah ya sa albarka a wannan aiki, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Yanzu ina gayyatar mai girma Gwamna ya taso ya buɗe mana wannan rumbu.