Sakamako da Horo a Tarbiyyar Yara Masu Otizim

Abin da ya biyo bayan aikin yaro shi ke sa ya maimaita aikin ko ya bar shi. A kan wannan ƙa'ida aka gina yawancin dabarun gyaran halayyar yara masu larurar otizim, wadda kafafen watsa labarai na Hausa kan kira galahanga. Likita Leo Kanner ya bayyana larurar a 1943, bayan ya nazarci yara 11 a asibitin Johns Hopkins da ke Amurka. Ita kuwa ƙa'idar ta fito ne daga binciken B. F. Skinner, wanda ya nuna tun 1938 cewa aikin da aka samu lada a kansa yakan ƙaru, wanda bai jawo komai ba kuma yakan dusashe.

Da an ce sakamako, hankalin iyaye kan tafi ga bulala da tsawa. A wurin masana, yabo ma sakamako ne, haka biskit, haka fitar da yaro daga aji. Sukan lura da abu uku a jere: abin da ya faru kafin aikin, aikin kansa, da abin da ya biyo baya. Binciken Brian Iwata da abokan aikinsa na 1982, kan yara masu ji wa kansu ciwo, ya nuna cewa aiki iri ɗaya yana iya samun dalilai daban-daban. Wani yana buga kai don a kula shi, wani don a janye aikin da aka ɗora masa, wani kuma yana yi ko da babu kowa a ɗakin, saboda abin da yake ji a jikinsa.

A ɗauki misalin yaron da malama ta ajiye wa littafin lissafi. Ya ture littafin, ya kwanta ƙasa yana ihu. Malama ta ce ya fita waje. A ganinta ta hore shi. Shi kuwa ya tsira daga lissafi da hayaniyar aji gaba ɗaya, don haka gobe ma abin da zai yi ke nan, wataƙila tun kafin a buɗe littafin. Malamar ta biya shi ladan ihu ba tare da ta sani ba.

Mafita a nan ita ce a ba yaron hanyar samun buƙatarsa da ta fi ihu sauƙi. Edward Carr da Mark Durand sun nuna a 1985 cewa idan aka koya wa yaro neman taimako ko neman a kula shi da baki, tashin hankalin yakan ragu sosai. Wanda ba ya magana sai a koya masa miƙa kati mai hoton abin da yake so, tsarin da Andy Bondy da Lori Frost suka ƙirƙiro a jihar Delaware. Da farko, duk lokacin da ya miƙa katin hutu sai a ba shi hutun nan take, cikin daƙiƙoƙi. Alkawarin "sai Baba ya dawo" bai cika aiki ga irin wannan yaro ba, domin yana da wuya ya haɗa abin safe da na magariba. Kuma ladan ya zama abin da shi yake so. Akwai yaron da runguma azaba ce a gare shi, amma minti biyu na wasa da ruwa sun ishe shi.

Ranar da aka daina biyan ihu, ihun yakan ƙaru kafin ya ragu, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar da ya saba a buɗe masa. A nan iyaye da yawa suke karaya. Idan aka miƙa wuya bayan ihun ya kai maƙura, yaro ya koyi cewa ihu mai ƙarfi shi ke biya. Babban gida yana da tasa matsalar: uwa ta hana alewa, kaka ta jawo jika tana cewa "ku ƙyale min maigidana", ta damƙa masa. Ladan da ke zuwa jefi-jefi ya fi kowanne kafa hali, shi ya sa dole duk mutanen gida su zama baki ɗaya.

Akwai inda sakamako ba ya aiki ko kaɗan. Yaron da ƙarar janareta ko lasifikar gidan biki ta rikita ba ciniki yake yi ba, jikinsa ne ya fi ƙarfinsa. Abin yi shi ne a kai shi wuri mai shiru, a rage magana, a tsare shi daga rauni har ya dawo hayyacinsa. Haka nan ciwon haƙori, ciwon kunne ko taurin bayan gida kan fito da siffar rigima ga wanda ba zai iya cewa "nan ke min ciwo" ba. Halin da ya canza farat ɗaya likita yake buƙata tukuna.

Horo mai zafi yana da mummunan tarihi a wannan fage. Ivar Lovaas, wanda a 1987 ya ba da rahoton cewa yara 9 cikin 19 sun cim ma tsararrakinsu a makaranta bayan koyarwar sa'o'i 40 a mako, ya yi amfani da duka da jan lantarki a ayyukansa na farko, kuma masana sun soki yadda ya raba yaran binciken zuwa rukuni-rukuni. Duka yana iya tsayar da aiki na ɗan lokaci, amma ba ya koya wa yaro abin da zai yi a madadinsa, yana kuma sa shi tsoron mai koyar da shi. Manya masu otizim sun kuma koka kan tilasta musu kallon ido da hana su kaɗa hannu tun suna yara, kuma suna da gaskiya: kaɗa hannu ba ya cutar da kowa, sau da yawa ma shi ke kwantar musu da hankali. Halin da ya cancanci gyara shi ne mai jawo rauni ko mai hana koyo.

Iyaye da malamai su samu ɗan littafi su riƙa rubuta abin da ya faru kafin aikin yaro, aikin kansa, da abin da ya biyo baya na tsawon mako ɗaya ko biyu, su tafi da shi ranar ganin likita.