Shiga Cinikin Wani Ne Ko Bin Doka? Rigimar Takardar Tayi a Gasar Hoki ta NHL

Yau za mu ajiye tamaula a gefe, mu leƙa Amurka da Kanada wajen masu wasan hoki na kan ƙanƙara, wato gasar NHL. Na san wani zai ce, Malam, mu da ba mu taɓa taka ƙanƙara ba, ina ruwanmu? To ka ɗan yi haƙuri ka biyo ni. Maganar ta kuɗi ce da ciniki, kuma duk wanda ya taɓa shiga kasuwa zai gane ta.

Bari in fara da tushe. A NHL akwai iyakar albashi, wato kuɗin da ƙungiya ba ta isa ta wuce su ba wajen biyan 'yan wasanta a kaka ɗaya. Ba cikin ruwan sanyi aka samu wannan doka ba, sai da aka rasa kakar 2004 zuwa 2005 gaba ɗayanta, ko wasa ɗaya ba a buga ba, saboda taƙaddama tsakanin masu ƙungiyoyi da 'yan wasa. Da aka dawo, iyakar dala miliyan 39 ce. A kakar 2024 zuwa 2025 ta kai miliyan 88. Kuma ku riƙe wannan: ba abin da ɗan wasa ya karɓa a shekarar ake lissafawa ba, jimillar kwantiragin ake rabawa gida-gida bisa yawan shekarunsa.

To, matashin ɗan wasa, wanda galibi bai kai shekara 27 ba kuma bai yi kaka bakwai ba, idan kwantiraginsa ya ƙare bai zama mai cin gashin kansa ba, ƙungiyarsa tana da sauran haƙƙi a kansa. Amma wata ƙungiya tana iya kai masa takardar tayi. In ya sa hannu, ƙungiyarsa tana da kwana bakwai. Ko dai ta ce albarka, ta biya shi daidai abin da aka taya, ta riƙe abinta, kuma ba za ta iya cefanar da shi ba sai bayan shekara guda. Ko kuma ta sallama, a biya ta diyya da guraben zaɓen sababbin matasa da ake yi duk shekara. Gwargwadon tsadar tayin, gwargwadon diyyar, har ta kan kai gurabe huɗu na zagayen farko.

Doka ta halatta, amma manajoji suna kallon abin tamkar shiga cinikin wani. A 2007 Edmonton ta taya Dustin Penner na Anaheim, shekara biyar a kan dala miliyan 21.25, Anaheim ta sallama. Manajojin biyu, Kevin Lowe da Brian Burke, suka daɗe suna jifan juna da maganganu a kafafen yaɗa labarai. Shi ya sa sai a yi shekaru ba a ga irin wannan takarda ba.

Ni ga inda na tsaya: takardar tayi halaliyar dabara ce, amma yawancin masu amfani da ita ba su san wanda ya kamata su taya ba. Ga hujjata.

A 2012 Philadelphia ta hango Shea Weber, kyaftin ɗin Nashville kuma babban mai tsaron bayanta, ta taya shi dala miliyan 110 na shekara 14. Dabarar ita ce aka tattaro kuɗin aka jibge su a farko, yadda dole a zube masa miliyan 27 cikin shekarar farko kaɗai. Lissafinsu, Nashville ba mai ƙarfin aljihu ba ce, ba za ta iya ba. Nashville ta cije ta biya. Philadelphia ta tashi a tutar babu.

A 2019 Montreal ta maimaita wannan kuskuren da Sebastian Aho na Carolina, shekara biyar, wajen miliyan 8.45 duk shekara, fiye da miliyan 21 a cikin wata goma sha biyun farko. Carolina ta biya ba tare da wani jinkiri ba, ta ma samu tauraronta a farashi mai sauƙi. Wato Montreal ta yi wa Carolina dillanci ne kyauta.

Kuma ramuwar gayya ta fi gayya zafi. A 2021 Carolina ta taya Jesperi Kotkaniemi na Montreal, shekara ɗaya, dala 6,100,015. Wannan 15 ɗin ta ƙarshe lambar rigarsa ce. Kuɗin sa hannu kuwa dala 20 kacal, lambar rigar Aho ke nan. Kun ga tsokana! Montreal ta sallama, ta karɓi gurbin zagayen farko da na uku. Amma in za mu faɗi gaskiya, Carolina ta biya fiye da ƙimar yaron. Fushi ya shiga cikin lissafi.

Yanzu ga wanda ya iya. A watan Agustan 2024, wata biyu bayan Edmonton ta sha kashi a hannun Florida a wasa na bakwai na ƙarshen Kofin Stanley, ta riga ta kashe kuɗinta wajen ɗaukar tsofaffin hannu irin su Jeff Skinner da Viktor Arvidsson, ta bar yaranta biyu ba kwantiragi, ga kuma sabunta na Leon Draisaitl yana jiranta. Doug Armstrong, manajan St. Louis, yana kallo. Da farko ya je Pittsburgh ya karɓo gurbinsa na zagaye na biyu da ya taɓa bayarwa, domin doka ta ce da gurabenka na asali za ka biya diyya. Sannan rana ɗaya ya aika takarda biyu: Philip Broberg, shekara biyu, dala 4,580,917 duk shekara, Dylan Holloway, shekara biyu, 2,290,457. Me ya sa lambobin suka zo a haka? Kowacce ya tsayar da ita daidai bakin layin da in ya ƙetare diyya za ta hau mataki na gaba. Edmonton ta duba aljihu, ta sallama duka biyun, ta karɓi gurbin zagaye na biyu da na uku. Holloway ya ci ƙwallo 26 a kakar, St. Louis kuma ta koma wasannin neman kofi bayan shekara biyu ba ta je ba.

Kun ga bambancin? Tauraro kowa zai sayar da gona ya riƙe shi. Wanda ake iya ɗaukewa shi ne yaro mai tasowa, a gidan da iyakar albashi ta riga ta shaƙe.

To bari in ba wa ɗaya ɓangaren haƙƙinsa. Masu suka suna cewa irin wannan tayi yana tsadar da matasa, domin gobe kowane wakilin ɗan wasa zai nuna albashin Broberg ya ce nasa yaron ma haka. Gaskiya ne. Suna cewa za a rama a kanka. Montreal shaida ce. Wani ma zai ce Edmonton ai ba ta mutu ba, ta sake kaiwa wasan ƙarshe a 2025. Haka ne, amma Florida ta sake doke ta, kuma ba wanda zai ce mini ba ta yi kewar ƙafafun yaran nan ba.

Abin da nake so a kalla shi ne ɗan wasan. Shi ba ya zaɓar ƙungiyar da za ta ɗauke shi tun farko, kuma shekarunsa na ƙuruciya duk a ɗaure suke. Takardar tayi tana cikin 'yan hanyoyin da zai san ainihin farashinsa a kasuwa. In manajoji suka haɗa baki a ɓoye cewa ba mai taya yaron wani, waye ya yi asara? Yaron. Don haka ni a wajena, kunyar da manajoji ke ji ta juna, da aljihun matasa ake biyanta.

A gaba fa? A 2025 an sanar cewa iyakar za ta hau miliyan 95.5, sannan 104, sannan 113.5 a kaka uku a jere. Wasu na ganin kowa zai samu sarari, tayi zai daina cizo. Ni ban yarda ba. Manajoji in suka ga kuɗi kashe su suke yi, ko yaushe za a samu wanda ya cika tukunyarsa ta wuce baki. Darasin Edmonton a fili yake: ka fara sallamar yaran gida kafin ka fita cefane. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Yanzu saura ku. Da kai ne manajan Edmonton a wannan makon, za ka ce albarka ko za ka sallama? In ɗaya kawai za ka iya riƙewa, Broberg ko Holloway? Ku rubuto mana, za mu karanta amsoshinku a shiri na gaba in Allah Ya kai mu.