JAWABI A KAN LASISIN TUƘI DA TSARON RAYUKA A HANYOYINMU



Muna godiya ga Allah da ya sake tara mu a wannan taro na shekara-shekara. Batun da aka ɗora mana shi ne tuƙi da dokokinsa. Ba sai an yi doguwar shimfiɗa ba, domin da wuya a sami unguwa a garin nan da ba a taɓa zaman makoki saboda haɗarin mota ko babur ba. A rahotonta na 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ke rasa rayukansu a kan hanya kowace shekara, kuma haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Waɗannan su ne ɗalibanmu da 'ya'yanmu.

Idan aka tayar da maganar nan a majalisa, ra'ayi uku muke ji. Wasu su ce haɗari ƙaddara ne, doka ba ta hana shi. Wasu su ce lasisi hanyar tatsar kuɗi ce kawai. Wasu kuma, musamman tsofaffin direbobi, su ce yaron mota da ya shekara biyar a gefen maigidansa ya fi duk wanda ya fito daga makarantar koyon tuƙi. Ya kamata mu yi wa kowane ra'ayi adalci.

Masu maganar ƙaddara, mun yarda da su cewa rai da ajali na Allah ne. Amma malamanmu da ke zaune a nan sun sha karantar da mu cewa imani da ƙaddara bai kore riƙo da sababi ba. Manomi ba ya barin gonarsa ba noma ya ce abinci ƙaddara ne. Ga lissafi mai sauƙi irin na aji shida: motar da ke gudun kilomita 100 a sa'a tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Direban da ya sunkuya kan wayarsa na daƙiƙa 4 ya wuce tsawon filin ƙwallo bai ga gabansa ba. Idan kuma aka ninka gudu sau biyu, tazarar da burki ke bukata kafin mota ta tsaya tana ninkuwa sau huɗu. Wannan ne ya sa doka ta ƙayyade kilomita 50 a cikin gari, da kilomita 100 ga ƙananan motoci a babbar hanya mai tagwayen layi.

Masu cewa tatsar kuɗi ce, akwai ƙamshin gaskiya a kukansu, sai dai laifin ba na dokar ba ne. Tun 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko. Ƙa'idar da ke rubuce a bayyane take: mai neman lasisi ya cika shekara 18, ya yi karatu a makarantar tuƙi da hukuma ta amince da ita, jami'an VIO su gwada shi, a duba lafiyar idonsa, sannan a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Ina aibin wannan? Aibin yana wurin dillalin da zai karɓi kuɗi ya tsallake da yaro jarrabawa, da uban da ya ba da kuɗin. Wani tsohon ɗalibinmu ya taɓa nuna mana lasisinsa yana murna. Muka tambaye shi ma'anar farin layin da ba ya yankewa a tsakiyar kwalta, ya yi shiru. Layin nan kuwa shi ke hana wuce mota a kwana da kan tudu. Mu da muka ƙare rayuwarmu a makaranta mun san illar takardar shaida ba tare da jarrabawa ba. Ta makaranta mai ita take cuta, ta tuƙi kuwa har da fasinja da mai tafiya a ƙasa.

Su kuma iyayenmu direbobi, muna girmama tarbiyyar da suka ba yaransu. Yaron mota na da yakan fara da wanke mota da sa weji, ya san kukan inji, ya san haƙuri, kafin a ba shi sitiyari. Amma yau wa ke da wannan haƙurin? Yaro ya yi wata biyu a tasha, sai a ba shi a daidaita sahu ya shiga gari. Abin da muke gani shi ne a haɗa biyun: maigida ya koyar da hannu da ladabi, makaranta ta koyar da alamomin hanya da doka.

Tarihi ya nuna mana cewa doka tana tafiya ne idan jama'a sun fahimce ta. Ranar 2 ga Afrilu, 1972, muna 'yan firamare, ƙasar nan ta sauya tuƙi daga hannun hagu zuwa hannun dama a rana ɗaya, bayan an daɗe ana wayar da kai a rediyo. A 2009 kuwa, da aka tilasta sa hular kwano ba tare da an gamsar da mutane ba, har ƙwarya wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifawa a ka. Kuma ba za mu manta da Majiya ta Jihar Jigawa ba, inda a watan Oktoba na 2024 tankar mai ta faɗi, jama'a suka taru kwasar fetur, wuta ta tashi ta hallaka sama da mutum 150. Ashe ilimin hanya ba na direba kaɗai ba ne.

Saboda haka muna ba ƙungiya shawara huɗu. Na farko, ta ware wani abu daga asusunta ta riƙa ɗaukar nauyin matasanmu zuwa makarantar tuƙi, kamar yadda take biya wa ɗalibai kuɗin jarrabawa. Na biyu, shugabannin tasha kada su ba kowa layin lodi sai sun ga lasisinsa, sun kuma duba taya da burki. Na uku, iyaye mu daina miƙa wa yaro ɗan shekara 14 makulli, mu kuma hana wasan mota da babur ranar kai amarya. Na huɗu, makarantunmu na boko da na Islamiyya su koya wa yara tsallaka titi da nisantar motar mai idan ta faɗi, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Fasinja ma yana da haƙƙi. Idan direba ya taka wuta, mu buɗe baki mu ce ya sassauta, kada kunya ta hana mu. Tafiya sannu-sannu kwana nesa.

Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kiyaye mana hanya, ya mayar da kowa gidansa lafiya.